Rigar wanki uku: laifin masu yin ta ne ko namu masu saya?

Masta Tela (Nima):
Assalamu alaikum jama'a. Ina sanar da 'yan'uwa mata da samarin unguwa cewa daga yau na daina karɓar gyaran rigunan nan da ake odarsu ta waya, da irin waɗanda ake zubawa a ƙasa a kasuwannin Makola da Circle na Akra ana kiran farashi. Ba girman kai ba ne, kayan ne ba sa gyaruwa. Ka ɗinke hammata, ƙugu ya buɗe. Ka sa allura, yadin ya bi sawun allurar ya tsage. Ƙarshenta a ce tela ne ya ɓata riga. A yi haƙuri.

Zee Mamobi:
Wa alaikumus salam. Haba Masta, mu talakawa ina za mu sa kanmu? Rigar sidi 90 ce fa nake samu a ɗinke, kai kuma kuɗin ɗinkinka kaɗai ya wuce haka, ban da yadi. Kuma ko a farkon azumi na kawo maka, sai daren jajibere ina zaune a bencinka ina gyangyaɗi 😂

Masta Tela (Nima):
'Yata, maganar jajibere ki bar ta, duk tela ya san abin da ya sa muke dariya. Amma ki ɗauko rigar sidi 90 ɗin yanzu ki juya ta baibai. Ki ƙirga ɗinki nawa ne a inci ɗaya. Rigar kirki za ki samu 12 zuwa sama. Irin waɗannan kuwa 7 ko 8, saboda in ɗinki ya yi tsawo keke ya fi gudu, zare kuma ya yi auki. Sannan ki duba gefe. Mu muna barin rarar yadi kamar faɗin yatsa ɗaya ko biyu, don in mutum ya ƙara jiki a buɗe masa. Su da keken da ke yanke baki yana daje shi lokaci guda suke haɗa rigar gaba ɗaya, babu rarar komai. Zare ɗaya ya tsinke, sai ya warware har ƙasa. Maɓalli kuma ba a ɗaure zarensa ba, ki ja ki gani. Wanda ya ɗinka ta ba wai bai iya ba ne, ba a ba shi lokaci ba ne. Ana ƙirga masa riguna nawa ya fitar a awa.

Mai Guga na Fadama:
Masta ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ni da dutsen gawayi nake aiki in an ɗauke wuta. Shadda da atamfa ta auduga ba ruwansu, yayyafa ruwa ka danna. Waɗannan kuwa ko hucin dutsen suka ji sai su naɗe, ko su bar tabo mai sheƙi. Yanzu kafin in karɓi kaya sai na karanta ɗan ƙyallen da ke wuya. Da na ga polista 100 sai in ce wa mai shi ya rataya kawai.

Malama 'yar Madina:
Ai roba ce Yaya. Daga man fetur ake yin polista, asalinsa ɗaya da gorar ruwa. Fiye da rabin zaren da ake samarwa a duniya yanzu shi ne, don ya fi auduga araha nesa. Wanda yake shakka ya zare ɗan zare daga cikin riga ya ƙyasta masa ashana: auduga za ta ci wuta da warin takarda ta bar toka mai laushi, polista kuwa narkewa zai yi ya dunƙule ya yi tauri. Shi ya sa ba ya shan gumi. Ki shiga motar haya ta trotro daga Madina zuwa Akra da tsakar rana da irin wannan doguwar riga, kafin ki kai tashar 37 kin jiƙe sharkaf, kuma warin ba ya fita da wanki ɗaya. Da hunturu kuma ta dinga manne miki a ƙafa.

Maman Rukayya (Kantamanto):
Ku kuna maganar sabo. Ni ku bari in gaya muku abin da ya same mu masu fos, wato gwanjo, don mu ne muke karɓar gawar kayan nan.

Tun ina budurwa nake bin yayar mahaifiyata kasuwar nan ta Kantamanto. A lokacin in aka fasa dilar Ingila, zaɓin farko kaɗai yana mayar maka da uwar kuɗinka, na biyu da na uku riba ce. Wandon jins mai nauyi, rigar makaranta ta auduga da yaro zai sa ya bar wa ƙaninsa, ƙanin ya bar wa na bayansa. Mutane suna barin sabo a kanti su zo wurinmu saboda namu ya fi ƙwari.

Yanzu fa? Dila kilo 55 ce, a ɗaure take da waya, ba a buɗe maka ka duba. Ka biya dubban sidi, yawanci da bashi ko kuɗin susu (adashi), ka yi bismilla ka yanke. Sai ka ga riguna shara-shara, wuya ya saki, rubutun gaba ya ɓare, hammata ta yi ja. Wasu ma da takardar farashinsu ba a taɓa sawa ba, amma ka ɗaga su a rana kana hango maƙwabcinka ta ciki. Zaɓin farko bai fi ka riƙe a hannu ɗaya ba. Kuma ba a mayar da dila. Wanda ya sayar maka zai ce shi ma haka kwantena ta zo masa daga tashar jirgin ruwa ta Tema. Na can da ya ɗaure ta ba ka san fuskarsa ba. To wa ya ɗauki asarar? Matar da ta yanke waya. Ranar Laraba da Asabar da asuba ku zo ku ga yadda mata suke addu'a kafin su fasa kaya.

Ga gobarar nan ta daren 1 zuwa 2 ga Janairun 2025 da ta cinye mafi yawan kasuwar. Da yawa cikinmu da sabon bashi muka sake kafa rumfa, tsohon yana nan bai mutu ba. A irin wannan hali dila ɗaya marar kyau ta isa ta zaunar da mutum a gida.

Hajiya Magajiya (Sabon Zango):
Allah Ya mayar da alheri Maman Rukayya. Allah Ya tsare gaba.

Zee Mamobi:
Amin. Anti ban san haka abin yake ba wallahi. Na ɗauka ku ne kuke cin riba.

Boga na Landan:
Anti Maman Rukayya, in ƙara miki abin da nake gani a nan. Mutanen nan yanzu in suna da kaya mai kyau ba sa kai shi shagon sadaka, a shafukan intanet irin Vinted ko eBay suke sayarwa su karɓi kuɗinsu. Abin da ba zai sayu ba shi ake cusawa a leda a jefa a akwatin tara kaya na bakin titi. Shagon sadaka ya tsince na kirki ya rataya, saura a sayar wa kamfanonin tantancewa da kilo. Su ma su ware mafi kyau zuwa kasuwannin da suka fi biya. Kafin kaya ya hau jirgin ruwa zuwa Tema an tace shi sau uku ko huɗu. Kuma kayan da ake jefawa a akwatin tun farko ba su da ƙwari. Yarinya za ta sayi riga fam 5 don fita ɗaya, ta ɗauki hoto, shi ke nan ta gama da ita. Ita a ranta sadaka ta yi wa 'yan Afirka.

Malama 'yar Madina:
Ƙungiyar Or Foundation da ke aiki a kasuwar ta ƙiyasta cewa kusan tufafi miliyan 15 ne suke shigowa Kantamanto duk mako, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 suna fita a matsayin shara. Jujin Kpone da aka gina da tallafin Bankin Duniya ya cika kafin lokacinsa, ya kama wuta a 2019. Ku bi ta bakin kogin Odaw da tafkin Korle, ko ku sauka bakin teku a Jamestown, za ku ga tsummokara sun murɗe sun zama igiyoyi sun nutse cikin yashi, masunta suna jawo su a cikin koma. Auduga ce da ta ruɓe. Roba kuwa tana nan.

Maman Rukayya (Kantamanto):
Malama, a nan kam zan tsaya miki. Wannan kashi 40 ɗin mu 'yan kasuwa da yawa ba mu yarda da shi ba. Ƙungiyar dillalan gwanjo ta Gana ta fitar da nata rahoton ta ce bai wuce kashi 5 ba. Ni ban ce 5 ne daidai ba, don na san abin da nake sharewa da yamma. Amma duk lokacin da Bature ya zo da kyamara, bola yake nema ya ɗauka. Ba ya ɗaukar teloli da ke layi a cikin kasuwa suna rage manyan riguna, suna mayar da zanin gado siket, ba ya ɗaukar masu rini da suke farfaɗo da jins, da masu guga. Mutum kusan 30,000 ne suke ci daga kasuwar nan. In aka yi ta cewa shara muke sayarwa, gobe wani ya tashi ya ce a hana shigo da fos, 'ya'yanmu me za su ci?

Malama 'yar Madina:
Anti ban ce a hana ba. Banbancin lissafin ma yana da dalili: masu shigo da kaya suna ƙirga abin da ya zo a lalace tun daga buɗewa, su kuma waɗancan suna ƙirga duk abin da ya kasa sayuwa har aka share shi. Rigar da ba ta yage ba amma babu mai so ko da sidi 1, a wurin dillali kaya ce, a wurinki asara ce. Maganata da taki ɗaya ce.

Ɗan Aboabo (Kumasi):
Ni ina Kejetia ina sayar da sabo, irin wanda kuke zagi ɗin nan. Bari in faɗi gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba. Ɗan China yana yi maka gwargwadon kuɗinka ne. A Guangzhou masana'anta ɗaya za ta nuna maka samfuri ɗaya hawa uku. Mutanenmu ne suke cewa a rage kaurin yadi, a sa zif mai araha, don in ya iso Kumasi ya sayu. Na taɓa kawo wanduna masu kyau, suna rataye har ƙura ta rufe su, maƙwabcina mai na banza yana ƙirga kuɗi. Kwastoma zai taɓa mai kyau ya yaba, ya tambayi farashi, ya ce bari in zaga in dawo. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Masta Tela (Nima):
Ɗan Aboabo, amma kana gaya masa rariya ce? Ko cewa kake yi orijinal ne daga Turkiyya?

Ɗan Aboabo (Kumasi):
Masta kasuwa ce fa 😂 Kai ma kana cewa gobe a zo a karɓa.

Kawu Alhaji (Tsohon Zango):
'Ya'yana, ina karanta ku tun ɗazu. Ni abin da yake ba ni takaici ba China ba ce. Ƙasar nan tana yin yadinta. Masaƙar GTP a Tema tun 1966, Akosombo Textiles a bayanta, Juapong tana saƙa farin yadi tana ba su. A 1977 masaƙu suna ɗauke da ma'aikata kusan 25,000, zuwa 2000 sun dawo wajen 5,000. Aka buɗe iyaka, kwaikwayon zanenmu ya dinga shigowa ta Lome da rabin kuɗi, har da tambarin kamfani a bakin zane. Kufuor ya kawo sa kayan gida ranar Juma'a a 2004 don a taimaki masaƙu, mutane suka karɓa, amma da yawa atamfar da suke sawa ranar Juma'ar daga waje aka bugo ta.

A zamaninmu mace in ta tara atamfar Holan a akwati, dukiya ta tara. In ta shiga matsi ta fitar da turmi biyu ta sayar, ta biya kuɗin makarantar yaro. Uwa ta rasu a raba wa 'ya'ya zannuwanta a gado, suna nan da launinsu. Ku gaya min, cikin kayan da kuke oda ta waya wanne za a raba a gado? Batakarin da na sayo a Daboya tun kafin a haifi wasunku har yanzu da shi nake zuwa Idi.

Zee Mamobi:
Kawu, da girmanka, zamaninku babu Instagram. Yanzu in ka sa riga a suna ɗaya aka ɗora hoto, ka sake sawa a wani auren, sai ƙawaye su fara "ita ce dai ta rannan". Ba wai muna so ba ne. Kuma Holan turmi ɗaya albashin wata ne ga wasunmu.

Hajiya Magajiya (Sabon Zango):
Yawwa, an zo wurin. Ina jira in ga wanda zai ambaci mu. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Aure ɗaya a zangon nan yayi, wato anko, nawa ake fitarwa? Na lalle daban, na ɗaurin aure daban, na walima daban, dangin ango da nasu, ƙawayen amarya da nasu. Wata ɗaya aure uku, suna biyu. Wace mace ce za ta iya sayen mai kyau sau goma? Dole uwar biki ta nemo mafi araha don kowa ya iya saya, leshin da duwatsunsa suke zuba tun a wurin rawa. Bayan biki a cusa a ƙarƙashin gado. Akwai matan da suke cin bashi su yi yayi, tukunyarsu babu nama. Mun zauna a kan wannan ba sau ɗaya ba, kowa ta ce gaskiya ne Hajiya, in bikin 'yarta ya zo ta ce ai sau ɗaya ne a rayuwa.

Amaryar Gobe:
Hajiya nawa yayi biyu ne kawai fa 🙈

Hajiya Magajiya (Sabon Zango):
Ki mayar da shi ɗaya, ki zaɓi atamfar da za a iya zuwa kasuwa da ita bayan biki, ni zan fara saya.

Ustaz na Mamobi:
Ƙarin tunatarwa a taƙaice: Allah Ya hana almubazzaranci, kuma yawancin abayoyin nan masu araha ba sa suturta jiki in an shiga haske. A duba kafin a saya wa iyali.

Ɗan Aboabo (Kumasi):
To ni tambayata, in gwamnati ta damu, me ya hana ta yi irin ta Ruwanda? Sun ɗaga harajin gwanjo, sun tsaya a kai.

Malama 'yar Madina:
Sun ɗaga a 2016, daga senti 20 zuwa dala 2.50 a kilo. Amurka ta mayar da martani a 2018, ta janye musu damar shigar da tufafi ba haraji a ƙarƙashin AGOA, tsarin cinikin Amurka da ƙasashen Afirka. Kenya da Uganda da Tanzaniya da suka fara tafiyar tare duk sun ja da baya. Kuma abin lura Yaya, in ka kori gwanjo ba ka da masaƙar da za ta tufatar da mutum miliyan 30 da wani abu, wa zai cike gurbin? Kai ne, da sabon polista daga Guangzhou. Shi ya sa kake son a yi 😄 Ko dokar hana shigo da kamfai da sauran kayan ciki na gwanjo da ke nan tun 1994, aka ce za a fara tsananta ta a 2011, ku zaga kasuwa ku gani ko ta yi aiki.

Ni abin da na fi gamsuwa da shi shi ne a bi kuɗin. A Faransa kamfanin tufafi yana biyan wani ɗan kuɗi a kan kowace riga da ya sa a kasuwa, don a kula da ita in ta zama shara. Amma kuɗin a can yake tsayawa wurin masu tarawa da tantancewa, rigar kuma ta ƙare a Korle. In sharar ta biyo jirgi, kuɗin kwashe ta ma ya biyo. Kuma kamfanoni irin su Shein da suke zuba dubban sababbin samfura a rana, su fito su faɗi adadin da suke bugawa a shekara.

Boga na Landan:
Kada a manta da masu ɗinkin ma. Ginin Rana Plaza da ya rufta a Bangaladash a Afrilun 2013 ya kashe mutum sama da 1,100, yawancinsu mata masu ɗinka wa manyan kantunan Turai. An ga tsagewa a bango tun ana gobe, aka ce su koma aiki. Arahar nan akwai wanda ya biya ta.

Maman Rukayya (Kantamanto):
A nan ma akwai. Yarinyar da take ɗauko min dila daga wurin mota, 'yar arewa ce, a Old Fadama suke kwana su da yawa a ɗaki ɗaya. Kilo 55 a ka, ta ratsa lungunan da ko baro ba ya shiga. Wuyansu da bayansu suke lalacewa tun suna ƙanana. In na fasa na ga rabi tsumma ne, ita ce kuma za ta sake ɗaukar tsumman ta fitar. Wani lokacin kunyar kallonta nake ji.

Zee Mamobi:
To yanzu dai a ba mu mafita mu masu ƙaramin ƙarfi. Ba zan iya Holan ba, Masta ya kore mu, fos kuma an ce ya lalace.

Masta Tela (Nima):
Ban kore ki ba 'yata. Ki sayi atamfa ta auduga ko da matsakaiciya ce, yadi 6 zai ba ki riga da siket da ɗankwali har da saura. In dole sai na kanti, ki ɗaga yadin a haske, ki ja ɗinkin a hankali da hannu biyu, in kin ga rana ta tsakanin zaren ki ajiye. Ki murza farin hankici mai ɗan danshi a jiki ki ga ko rini zai fita. Mai roba-roba kuma kada ki shanya shi a tsakar rana, zafi ne yake kashe robar, shi ya sa gwiwar wando take zama buhu. Ki raba kuɗin riga da yawan sawar da za ki yi mata. Ta sidi 90 da ta mutu a wanki uku ta fi ta sidi 300 da za ki shekara biyu da ita tsada.

Zee Mamobi:
Lissafin daidai ne Masta, amma 90 ɗin ce a asusun momo na wayata yau, 300 ɗin ba ta nan.

Maman Rukayya (Kantamanto):
Har yanzu ana samun na kirki a wurinmu, sai dai a sammako. Wanda ya zo ƙarfe goma ya tarar 'yan butik na Osu sun kwashe zaɓin farko, su wanke su goge su rataya a gilashi su ninka kuɗin sau biyar. Ki zo Asabar bayan sallar asuba ki same ni, in nuna miki yadda ake tsinta. Ki fara duba hammata da tsakanin cinya, can ne kaya yake fara tonuwa.

Ɗan Aboabo (Kumasi):
Masu son wando mai kyau ma ina da sauran waɗancan da suka ƙi sayuwa, a yi min magana ta gefe.

Mai Kula da Zaure:
Ɗan Aboabo, talla ranar Juma'a kawai, ka san doka.

Amaryar Gobe:
Hajiya na yi magana da Mama, ta ce ita ba ta ƙi a yi ɗaya ba, amma dangin ango sun riga sun raba nasu, kuma gwaggona ta Ashaiman ta karɓi kuɗin mutum ashirin. Masta, in na kawo atamfar makon nan za ka gama kafin ƙarshen wata?

Masta Tela (Nima):
Ki kawo in ga yadin tukuna.